Ranar da Inna Ta Ƙetare Haddi

Inna ta shekara goma sha ɗaya ba ta ƙetare haddin Madina ba. Haddi su ne ginshiƙan nan da aka kafa a bakin manyan hanyoyi, masu nuna inda hurumin garin Manzo ya tsaya. Mu dai wuce su muke yi kamar sandar lantarki. Ita kuwa ta san na hanyar Makka, ta san na bayan Uhudu, kuma ko ɗaya ba ta yarda mota ta gifta da ita. Tun da ta dawo hajjinta na ƙarshe ta ce ta gama yawo. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka taso da ita a ƙafa daga ƙasar Cadi, suka ratsa Sudan, suka hau ruwa, kuma a wurinta duk wannan wahala abu ɗaya aka zo nema, mutum ya cika a cikin Madina. Ta ce ba za ta bari mala'ika ya zo ɗaukar ranta ya tarar ta tafi Yanbu cin shinkafar biki ba.

Ƙanena, Auta muke ce masa, yana aikin lodin kayan alhazai a filin jirgi. Da ya samu gida a can kusa da wurin aikinsa, sai ya ware mata ɗaki a ƙasa, babu hawan bene, har da banɗakinta. Ya zo mata da murna. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Ciki ne ko waje?"

"Waje ne da kaɗan, Inna."

"To kaɗan ɗin nan ne ba na so."

Shi ya sa ta zauna wurina a unguwar Sih, mu biyu, tun bayan rasuwar maigidana. Ni ma ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai ƙofar maƙwabciya, ita ma a tsaye nake zuba surutuna in dawo. Ni ce 'yar fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini. Ranar da miyata ta yi mata daɗi ta ce "ke ɗin nan."

Abin ya faro ne daga wayar 'yar Auta, wadda aka sa wa sunan Inna, muke ce mata Takwara. Budurwa ce, tana jami'a. Hausa tana ji tsaf, ko gulmarta ka yi a kicin ta ji, amma amsa sai da Larabci. Wata Alhamis cikin sanyi ta zo tana nuna mini hoton wani wuri da ƙawayenta suka je, wani tsagi a cikin dutse, arewa da gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Ta ce mai sauƙi ne ƙwarai, yashi ne shimfiɗe, ba hawa ba gangara, har masu tura keken jarirai suna shiga. Ni take lallashi in bi su, don ta ce na kusa zama kujera a gidan nan.

Inna tana kishingiɗe ta ce, "Miƙo in gani."

Takwara ta buɗa mata hoton da yatsu, ta kai mata daf da ido. Inna ta daɗe tana kallo. Har na miƙe zan duba tukunya sai na ji ta ce, "A irin wannan muka bar babana."

Mun san kakanmu a hanya ya rasu, kafin su kai bakin teku. Amma ba ta taɓa faɗa mana yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ran nan ta faɗa. Zazzaɓi ne ya kama shi, ayari ya fake wa rana a wani tsagin dutse, nan ya cika wajen azahar. Da ƙwarya da hannu aka tona yashi, aka jera duwatsu a kai. Ayari bai jira ba, don ruwa ya kusa ƙarewa. Uwarta ta ja hannunta ta ce kada ta waiwaya.

"Ban kuwa waiwaya ba," in ji Inna. "Ku kai ni in gani."

Na ce, "Inna, wancan yana Sudan, wannan yana nan. Ba shi ba ne."

"Na san ba shi ba ne, ke. Tsufa na yi, ban haukace ba."

"Waje ne fa da haddi. Waje sosai."

"Na ji."

Auta da aka gaya masa, kamar an ba shi kyautar mota. Shekara da shekaru yana so ya fita da ita ko shan iska ne. Ya sa ranar Asabar, da ba shi da aiki.

Inna tana da jakar likkafaninta, wanda aka wanke da zamzam, kullum yana ƙarƙashin matashinta. Da safen nan na ɗauko zan sa cikin kaya, tare da tabarma da fulas ɗin shayi. Ta ce in mayar.

"Bar shi nan. In mala'ika ya zo ya ga kayana, ya san ban yi nisa ba, ya zauna ya jira ni."

Muka yi dariya har Takwara tana riƙe ciki. Na mayar da jakar, na gyara matashin a kai.

Da muka wuce Uhudu muka zo ginshiƙan haddi, Inna ta bi su da ido har wuyanta ya ƙi juyawa. Kamar minti goma gaba akwai wani gidan mai, muka tsaya Auta ya sayo burodi mai zafi da ruwan gora. Daga nan sai hanya da baƙaƙen duwatsu da raƙuma nan da can. Inna ta ware, tana cin burodi tana kushe tuƙin Auta. Daf da wurin muka ratsa wani ƙauye, gidaje kaɗan da masallaci da wani ɗan ƙaramin asibiti mai farin fenti.

Auta ya nuna da baki ya ce, "Kin ga har asibiti na tanadar miki, Inna."

"Tanadar wa bayanka," in ji ta. "Kai da kake tafiya kamar mai ɗauke da buhu."

Wurin kuwa yadda Takwara ta faɗa haka yake. Dutse ne ja kamar an daɓa masa wuƙa daga sama har ƙasa. Bangon nan sumul kamar cikin tsohon turmi, tsayinsa ya fi bene huɗu. Wani wuri mutum biyu su jera, wani wuri ya buɗe kamar zaure. In ka ɗaga kai, sama 'yar siririya ce kamar an yago bakin zane. Sanyi kamar ka sa kai a randa. Iyalai ne ko'ina, Larabawa da fulas ɗinsu, wasu 'yan Pakistan suna hoto, wata mata tana tura jaririnta a keke yana barci abinsa.

Ni Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, amma ya ba ni kunne. Ina kicin nake sanin wanda ke hawo bene daga takunsa, nake sanin shinkafa ta tsotse ban buɗe murfi ba. A cikin tsagin nan kuwa komai ƙara yake yi. Tari daga can ƙarshe sai ka ji shi a bayan kunnenka. Saboda haka ba zan ce ban ji ba. Tun ba mu yi nisa ba na ji wani ɗan fito a ƙarshen numfashin Inna, siriri, irin na butar shayi kafin ta tafasa. Na ce a raina tafiya ce, tsohuwa ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Na ce ko mu huta. Ta ce in ni na gaji in zauna.

Auta yana gaba yana tsokanarta. "Wadda ta tako daga Cadi, wannan ai tsakar gida ne."

"Tsakar gidan da ka haki tun daga ƙofa."

Tana tafe da sandarta, ɗaya hannun tana shafa bango. Da muka kai wani wuri mai ɗan faɗi, inda rana ta sauko ta kwanta a yashi kamar faifai, sai ta tsaya. Ta zauna a kan wani dutse. Ta damƙi yashi, ta bar shi ya zube ta tsakanin yatsunta.

"Haka yake," ta ce. "Har sanyin."

Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, mu ma muka ɗaga. Da ta shafa, ta juya a hankali ta dubi hanyar da muka biyo, ta daɗe tana dubawa. Na zuba mata shayi, ba ta karɓa ba. A lokacin na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, cikin wannan sanyin. Fiton nan ya ƙaru.

"Ke," ta ce. "An ɗora mini turmi a ƙirji."

Ta riƙe hannunta na hagu da na dama kamar ba nata ba. Takwara ta ɗaga waya sama tana juyi, babu layi a cikin dutsen. Auta ya durƙusa, muka ɗora masa ita a baya, na ɗaure ta da mayafina kamar goyo. Mutum ne mai shekara hamsin, jakunkunan alhazai sun gama da bayansa, amma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Inda wurin ya matse sai da ya karkace ya bi a gicciye, gwiwar Inna tana gogar dutse. Mutane suna mannewa da bango suna ba mu hanya, suna janye yaransu. Wani dattijo Balarabe ya biyo mu har bakin mota yana maimaita wa Auta cewa asibitin ƙauyen nan a buɗe yake, minti goma ne, kada mu wuce shi.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, ƙafafunta a cinyar Takwara. Auta ya ta da mota.

Inna ta buɗe ido. "Ina za ka?"

"Asibitin ƙauyen nan, Inna, su duba ki."

"A'a. Gida."

"Allura ɗaya ce, sai mu wuce."

"Ƙarya kake. Kwantar da ni za su yi, na san su. Su sa mini roba a hanci, in cika a ƙauyen da ko sunansa ban sani ba."

"Ba wanda zai cika, Inna, don Allah ki daina."

"Auta, ni na haife ka. Gida na ce."

Ya dube ni ta madubi, idonsa ja. "Yaya, ki yi magana mana."

Da niyyar goyon bayansa na buɗe baki, Allah shi ne shaida. Sai Inna ta kama wuyan hannuna ta kira sunana. Shekarata hamsin da bakwai a lokacin, ban taɓa jin yadda yake fita a bakinta ba. Ashe ba yadda kowa ke faɗarsa take faɗa ba, ja take yi a tsakiya irin na mutanen Cadi. Sau biyu ta kira. Sannan ta ce, "Kada ki bar ni a hanya kamar babana."

Na ce wa Auta, "Manyan asibitoci ai a Madina suke. Wannan ɗan ɗakin me za su iya yi mata? Ka tuƙa."

Na san abin da nake yi. Ba asibiti nake nufi ba, abin riƙewa na miƙa masa.

Da muka zo ƙauyen, ƙofar asibitin a buɗe take. Ga motar ɗaukar marasa lafiya a inuwa, ga wani mai farar riga a tsaye yana shan shayi. Takwara ta fasa kuka tana cewa babanta ya tsaya, ya tsaya, tana dukan bayan kujerarsa. Na ji ƙarar injin ta sauka, ya ɗage ƙafa. Na ce, "Ka tuƙa." Ya taka.

Hanyar da muka zo da safe muna cin burodi, ita ce ta ƙi ƙarewa. Ina shafa mata ruwan gora a goshi, ina laƙƙana mata kalma tana karɓa. Can ta ce, "Uhudu?" Na ce saura kaɗan. Aka jima ta sake tambaya, na sake cewa saura kaɗan. Karo na uku leɓenta kawai ya motsa, amma na ji. Kunnena yana kan fiton nan, yana shiga yana fita, yana yin nisa tsakani. Ba na jin kukan Takwara, ba na jin salatin Auta, shi kaɗai nake ji.

Daidai gidan man da muka sayi burodi, numfashin ya shiga bai fito ba. Na jira. Na ga mai shagon burodin ta taga yana kakkaɓe tire. Na ci gaba da jira har muka bar gidan man a baya. Babu.

Saura minti goma.

Na ja gefen abayata na kare mata fuska kamar rana nake tare mata. Na sunkuya na ce da ƙarfi, "Me kika ce, Inna? Eh, ga shi can, an fara hango shi."

Auta ya ce, "Yaya, yaya take?"

"Tana nan. Ka dubi hanya."

Na yi ta magana. Ni dama surutu ba ya yi mini wuya. Na ce mata in mun isa zan dama mata kunu, na ce jakarta tana nan inda ta ce a bar ta, na ce ta yi haƙuri da tuƙin Auta. Ina yi ina ba da tazara kamar mai sauraron amsa. Hannunta yana kan nawa, ni ce nake riƙe da shi yanzu.

Ginshiƙan suka zo suka wuce. Na bari muka ƙara ɗan gaba, Uhudu ya fito sosai ta hagu, inda masu dabino ke ajiye motocinsu a bakin hanya. Sannan na ɗaga murya na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Auta ya gangara gefe ya tsaya. Ya kifa kai a sitiyari. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Mun shigo? Yaya, mun shigo da ita?"

Na ce, "Mun shigo."

A asibiti wani likita matashi ya tambayi lokacin da ciwon ya fara, Auta ya faɗa. Ya tambayi daga inda muka taho, Auta ya faɗa. Alƙalamin ya tsaya a kan takarda. Ya ja numfashi zai yi magana, ya dube mu, sai ya ce Allah ya ji ƙanta kawai. Na ji abin da ya haɗiye. Har yau ban sani ba ko ɗan asibitin ƙauyen da ya tsayar da abin, ko da bai tsayar ba. Wata rana in ce kwananta ne ya ƙare, ko a gadon wa take. Wata rana in tuna mai farar rigar nan da kofin shayinsa.

Jakar tana ƙarƙashin matashi yadda na bar ta. Aka yi mata sutura da kayanta, aka sallace ta a Harami, maza suka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Kwana uku gidana cike da mata, na Sudan, na Cadi, na Kano, kowa da irin Hausarta, amma magana ɗaya suke yi.

"Kai, tsohuwa ta yi dace."

"Shekara goma sha ɗaya ba ta fita ba, ranar da ta fita kuma Allah ya riƙe ran sai da ta shigo. Wannan ai baiwa ce."

"Hajiya, ki daina kuka, irin wannan mutuwar roƙonta ake yi."

Ina zagayawa da gahawa da dabino ina cewa alhamdulillahi. Labarin ya yi ta yawo yana ƙara kiɓa, har na ji wata tana ba wa wata cewa Inna ta ɗaga kai ta ga Uhudu ta yi murmushi. Ban gyara mata ba.

Ranar uku da la'asar, mutane sun ragu, ni da Takwara muna wanke kofunan gahawa a kicin. Tun ranar ba ta yi mini magana ba, ko gaisuwa da ka take yi. Ina cuɗawa tana ɗaurayewa. Sai ta ce, da Hausa, a karkace, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

"Gwaggo. Ƙafar Sitti ta saki tun gidan mai."

Sitti take ce wa kakarta, yadda 'ya'yan nan ke cewa. Na manta ƙafafun a cinyarta suke. Ni ina ta kunne, ita tana riƙe.

Na kashe famfo. Na ce, "Babanki ya sani?"

Ta girgiza kai.

"To, ya tsaya a nan."

Ta koma Larabcinta, ta ce don me.

Na ce, "Babanki ya wuce ƙofar asibiti a buɗe da uwarsa a bayan mota. Ni na sa shi. In kika cire masa haddin nan, me ya rage masa?"

Ta ɗauki kofi ta ci gaba da ɗaurayewa, na kunna mata famfon. Tun daga ranar ba ta sake yi mini Hausa ba, ba ta kuma sake nuna mini hoton ko'ina ba.

Ban tambayi malami ba. Sau da yawa na shirya tambayar a bakina, ko minti goma a mota ana lissafa shi, ko niyya tana cike abin da hanya ta rage. Sai in fasa. Ko wacce amsa aka ba ni, ban san inda zan ajiye ta ba. Auta kuma ba zai ga wannan rubutun ba. Larabci ya yi a makaranta, rubutun boko na Hausa ko sunansa bai iya ba. Ni ma maigidana ne ya koya mini, a bayan kwalin shayi.

Yanzu duk baƙin da suka zo mana daga gida, in Auta ya kai su ziyara Uhudu, sai ya ce in raka su. In an gama ziyara ba ya juyowa gida kai tsaye. Sai ya ɗan miƙa hanyar arewa, ya juyo kafin ginshiƙan, ya gangara gefe wajen masu dabino ya kashe mota. Ya nuna musu da hannu.

"Nan ta cika. Kun ga haddi can baya. Ko ba nan ba ne, Yaya?"

In ce, "Nan ne."

Sai a ɗaga hannu a yi mata addu'a. Ni ma ina ɗagawa. Daga wurin ba a hango gidan man, akwai kwana a tsakani, amma ni can nake fuskanta.